Lemon Tsami da Na'a-na'a: Abin Sha na Bazara



Bazara ta kankama. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano yakan kai digiri 40, wani lokacin har ya wuce, ga mu nan cikin birni gidaje a cushe, rufin kwano, lungu ba iska, wuta kuma sai ta ga dama. Jiki yana zubar da ruwa da gishiri ta gumi, shi ya sa za ka ga yaro ya yi laushi, dattijo na jin jiri in ya miƙe, fitsari ya ragu ya yi ja. Lemon kwalba ba ya gyara wannan, sukari ne zalla, ka sha ƙishirwa ta dawo.

Lemon tsami ya fi shi, kuma ba sabon abu ba ne a wajen masana magani. Ibn Jumai'u, likitan Sarki Salahuddin al-Ayyubi a Masar, wanda ya rasu a 1198, risala guda ya rubuta a kan lemon tsami da abin shan da ake yi da shi.

Ga yadda ake haɗawa. A ruwa lita 2, a nemi lemon tsami 6 zuwa 8, masu santsin baya da nauyi a hannu, su ne masu ruwa. A 'Yan Lemo ya fi araha in da yawa za a saya, amma Kasuwar Rimi ma ba a rasawa. A murza kowanne a kan faranti kafin a yanka, a matse, a tace 'ya'yan. Kada a jefa ɓawon ciki ya jiƙa, ɗaci zai kawo. Sai na'a-na'a cikin tafin hannu ɗaya, a murje ta da hannu ko a ɗan daddaka sama-sama, a zuba, a rufe kamar minti 20. Sukari babban cokali 4 ya isa, ko zuma ga mai hali, da gishiri ɗan abin da yatsa biyu suka ɗauka. In an matsa lemon zaƙi 2 a ciki, sai a rage sukarin. Kada a tafasa lemon, zafi yana lalata sinadarin bitamin C da ke cikinsa, kuma kada a ajiye a tukunyar dalma, tsami yana cin ta. Jug na roba ko kwalba.

To, inda nake son a tsaya a saurara shi ne maganar tsafta, domin nan ne abin sha ke komawa cuta. Lambuna da yawa na gefen Jakara da ruwan kwata ake yi musu ban-ruwa, ita kuwa na'a-na'a ɗanya za a sha ta. A tsinke ganyen, a wanke sau uku da ruwa mai kyau, in an samu a jiƙa shi a ruwan khal kafin ɗauraya ta ƙarshe. Ruwan haɗin kuma, in na 'yan garuwa ne ko na rijiya, a tafasa shi ya huce tukuna.

Sai ƙanƙarar leda. Wallahi ba mu san ruwan da aka yi ta da shi ba, kuma daskarewa ba ta kashe ƙwayoyin taifod da na amai da gudawa gaba ɗaya. Kada a fasa ta cikin abin shan. A zuba haɗin a gora, a rufe, a jera ƙanƙarar a gefe cikin kula. In babu, a tsoma gorar cikin randa, ko a naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma a inuwa inda iska ke bi. Sanyin randa ma ya fi wa maƙogwaro daɗi.

Mai ciwon sukari ya sha ba sukari, zuma ma ba ta kuɓutar da shi ba. Mai hawan jini ya bar gishirin. Mai gyambon ciki ko ƙwannafi kada ya sha da cikin wofi, in ya ji yana tayar masa ya bari, don na'a-na'a kanta takan ƙara ƙwannafi. Jaririn da bai kai wata 6 ba nono kawai, kuma ba a ba yaro zuma sai ya cika shekara 1. Bayan an sha a kurkure baki, a jinkirta asuwaki rabin awa, tsami yana tausasa bayan haƙori.

Wannan abin sha ne na masu lafiya. Wanda gudawa ta kama, ruwan gishiri da sukari na kemis za a ba shi, ko a haɗa a gida: ruwa mai tsafta lita 1, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Wanda kuwa jikinsa ya yi zafi rau, ya fara sambatu ko ya suma, kada a ɗura masa komai. A kai shi inuwa, a yayyafa masa ruwa ana fifita, a garzaya da shi Asibitin Murtala ko mafi kusa.

A haɗa daidai na yini ɗaya. Wanda ya kwana ba firji, a zubar.