Idan Ƙurar Bam ɗin Nukiliya Ta Sauka a Gona

'Yan'uwa manoma, wani zai ce ina ruwan mai garma da maganar bam? To, a ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta fasa bam ɗinta na farko a Reggane, cikin hamadar Aljeriya, arewa da mu, wajen da iskar hunturu take fitowa. Ƙarfinsa ya ninka na Hiroshima sau huɗu ko fiye. Da ta sake fasa na uku a ƙarshen shekarar, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa a Janairu 1961. Ashe kuwa abin ya taɓa zuwa kusa da ƙofarmu.

Bam ɗin da ya fashe kusa da ƙasa yakan kwashi yashi da toka ya kai sama, ya gauraya su da guba. Iska ta ɗauka, daga baya su zubo a kan rufi da rijiya da ciyawa. Ƙurar tana fitar da wani tururi wanda ido ba ya gani, hanci ba ya ji, amma yana ratsa jiki ya lalata jini. Sauƙin abin shi ne ƙarfinta yana raguwa da sauri. Bayan awa 7 saura kashi ɗaya cikin 10, bayan kwana biyu saura ɗaya cikin 100. Saboda haka kwana biyun farko su ne na ɓuya, kuma wanda ya fita gudu a fili ya fi wanda ya zauna a ɗaki shan wahala.

A nan ginin kakanninmu ya yi rana. Ƙasa mai kaurin inci uku da rabi tana tare rabin tururin, katangar laka mai ƙafa ɗaya kuwa tana tare kusan tara cikin goma. Ɗakin soro shi ne na ɗaya. Kwanon da muke alfahari da shi ba ya tare kome, balle bukkar ciyawa, domin ƙurar tana kwanciya a bisa kai. A shiga ɗakin tsakiya, a toshe taga da tsumma, a ajiye randar ruwa a rufe, da rediyo mai batir don jin umarnin hukuma.

Wanda ƙura ta same shi a gona ya tuɓe rigar sama a zaure, a hankali, kada ya kakkaɓe. Wannan kaɗai yana iya raba shi da kusan kashi 90 cikin 100 na ƙurar. A ƙulle rigar cikin leda a ajiye nesa da yara. Ya yi wanka da sabulu, ya wanke kai, ban da dirza har fata ta kurje.

Inda ya fi damunmu shi ne abinci. Hatsin da ke cikin rumbu mai murfi lafiyarsa lau, haka ruwan rijiyar da aka rufe. Ruwan kududdufi da na indararo a bar shi, kuma tafasawa ba ta kashe wannan guba, tun da ba ƙwayar cuta ba ce. Dabbobi a shigar da su garke mai rumfa, a ba su harawa da dusar da aka adana. Saniyar da ta yi kiwo a ciyawa mai ƙura, gubar aidin takan bi ta cikin nononta, ta taru a gaban wuyan yaro, daidai inda maƙoƙo yake fitowa. A Ingila, da wuta ta kama tashar Windscale a 1957, hukuma ta sa aka zubar da madarar gonakin kewaye. A Chernobyl, cikin 1986, an yi jinkirin hana mutanen karkara shan madara, yara dubbai suka kamu da sankarar wuya daga baya. Gubar aidin tana raguwa da rabi kowane kwana 8, wato haƙurin wata biyu ya kusa isa.

Akwai wata kuma, siziyam, wadda sai ta shekara 30 kafin ta ragu da rabi. Ita ce ta sa bayan hatsarin Fukushima na 2011 mutanen Japan suka kankare ƙasar saman gonakinsu, kimanin inci biyu, suka ɗura a manyan buhuna kafin a koma shuka.