Gyaran Ƙafafun Baya na Motar Triumph Spitfire

Daga cikin ƙananan motocin shaƙatawa da Turawan Ingila suka ƙera, akwai wadda kamfanin Triumph ya fitar a birnin Coventry a shekarar 1962, ya raɗa mata suna Spitfire, aka yi ta ƙera ta har 1980. Giovanni Michelotti, mutumin Italiya, shi ya zana siffarta, kuma babu mai jayayya a kan kyanta. Sai dai ma'abotanta na farko ba su daɗe ba suka gane cewa a ƙarƙashin wannan kyau akwai wata illa da ta gada daga Herald, motar iyali ta 1959, wadda aka aro ƙafafunta domin tsimin kuɗi.

Asalin mas'alar kuwa ita ce, kowace tayar baya tana maƙale ne a bakin wani sanda guda, wanda gaɓarsa ɗaya tak ce, can ciki kusa da tukunyar haƙoran da ke raba ƙarfin inji ga tayoyi, sa'annan aka gitta sifirin mai ganyaye a bisa tukunyar, aka ɗaure shi tamau da kusoshi shida. Saboda haka taya ba ta hawa da sauka a miƙe, lilo take yi kamar ƙyauren ɗaki. Idan direba ya shiga kwana da gudu, balle a ce tsoro ya kama shi ya ɗaga ƙafa daga totur, sai ƙarfin da ke tura tayar waje ya cicciɓa bayan motar sama, tayar ta lanƙwasa ta shige ƙarƙashi, har ya zama gefenta kaɗai ke taɓa kwalta, kafin ya farga baya ya juyo gaba. Wanda ya tuƙa tsohuwar Volkswagen Beetle ya san wannan hali, domin tsarin sandunan tayoyinsu na baya ɗaya ne.

Abin da ya fi saurin zuwa zuciyar mai gyara shi ne ya ƙara wa sifirin tauri, alhali kuwa wannan ijtihadi ne da ya kauce wa sababi, domin gwargwadon yadda baya ya ƙi karkata, gwargwadon haka nauyin kwana zai taru a kan tayar da ake jin tsoronta. Wasu sun ɗaura ƙarin ganye guda a ƙarƙashi don ya hana ƙafafun rufewa, wasu sun sa ƙarfe tsakanin sifirin da tukunya don motar ta zauna ƙasa, kuma kowanne yana da fa'idarsa.

Amma a ganina babu hikimar da ta kai wadda kamfanin da kansa ya zo da ita a 1970, cikin samfurin Mark IV. Sun bar ganyen ƙasa kaɗai a ɗaure, sauran suka zuba su cikin wani ɗan akwatin ƙarfe inda suke iya jirkitawa dama da hagu, ta yadda sifirin yana ɗaukar kaya kamar da, amma ya daina gardama da karkatar mota. Sa'annan suka ƙara kaurin sandan da ke hana karkata a gaba, domin nauyin da baya ya sauke ya sami mai karɓa. Waɗannan biyu ba a raba su, wanda ya sa ɗaya ya bar ɗaya bai yi gyara ba.

Mai son mayar da tsohuwar Spitfire bisa wannan tsari zai tarar sabon akwatin kusoshi huɗu yake ci, saura ramuka biyu a buɗe a kan tukunya, wajibi ne a toshe su, in ba haka ba mai ya tsiyaye, ƙura ta shiga wa haƙora. Haka kuma ba a ƙarasa ɗaure kusoshin da ke ratsa robobin da ke gaɓoɓin ƙafafun motar tana bisa jak; sai an sauke ta, an tura ta gaba da baya har ƙafafun sun zauna a mazauninsu, sa'annan a ɗaure, domin robar da aka matse tana rataye za ta murɗe ta yage tun ba a je ko'ina ba.