Albashi da Aure: Nazari kan Ƙa'idar Kuɗin Shiga a Bizar Ma'aurata ta Birtaniya

Tun daga ranar 11 ga Afrilun 2024, duk ɗan Birtaniya ko mai izinin zama na dindindin a ƙasar da ke son ɗauko matarsa, ko mace mai son ɗauko mijinta, daga wata ƙasa, dole ne ya nuna cewa yana samun aƙalla fam 29,000 a shekara, bayan da adadin ya shafe kusan shekara goma sha biyu yana kan fam 18,600. Masu binciken ƙaura na Jami'ar Oxford sun ƙiyasta a lokacin cewa kimanin rabin masu aikin albashi a ƙasar ba sa samun wannan kuɗi, wanda ke nufin rabin ma'aikatan ƙasar ba su da ikon zama da abokin aurensu a gida muddin baƙo suka aura, sai fa idan suna da ajiya mai kauri. Hujjar da gwamnati ta bayar ita ce kare baitulmali daga ɗaukar nauyin iyalan da ba za su iya riƙe kansu ba, amma wanda ya bi tarihin ƙa'idar da lokacin da aka zaɓa don ƙara ta zai ga cewa siyasar alƙaluman ƙaura ce ta haife ta, kuma masu biyan farashinta su ne waɗanda ba su da hannu sosai a hauhawar alƙaluman.

Ƙa'idar ta fara aiki ne a watan Yulin 2012, lokacin da Theresa May ke riƙe da Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, kuma gwamnatin David Cameron na fafutukar cika alƙawarin da ta yi na mayar da rarar ƙaura ƙasa da dubu ɗari a shekara. Rarar ƙaura ita ce abin da ya rage idan aka cire yawan masu barin ƙasa daga yawan masu shigowa domin zama mai tsawo. A wancan lokaci Birtaniya na cikin Tarayyar Turai, ba ta da ikon taƙaita zuwan 'yan ƙasashen tarayyar, don haka sai hankalinta ya koma kan ƙofofin da take da mabuɗinsu, ciki har da ta iyali. Duk da haka adadin fam 18,600 yana da wata ma'ana da za a iya karewa, domin an ɗauko shi ne daga matakin albashin da ma'aurata ke daina cancantar tallafin gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi. A tare da shi aka tsawaita lokacin gwaji, wato shekarun da baƙo zai yi da izini na wucin gadi kafin ya nemi na dindindin, daga biyu zuwa biyar.

Ƙarin 2024 ba shi da irin wannan tushe. A watan Nuwamban 2023 hukumar ƙididdiga ta ƙasar ta sanar cewa rarar ƙaura ta 2022 ta kai 745,000, adadin da ya tayar da ƙura a cikin jam'iyyar Conservative mai mulki, ga kuma zaɓe na ƙaratowa. Ba a yi mako biyu ba, ranar 4 ga Disamba, ministan cikin gida James Cleverly ya gabatar da jerin matakai a majalisa, ciki har da ɗaga ƙa'idar bizar ma'aurata zuwa fam 38,700, wanda shi ne adadin da aka tsayar wa ƙwararrun ma'aikata masu shigowa da bizar aiki. Kafin ƙarshen watan, da suka ta yi yawa, gwamnati ta ja da baya ta ce za a fara da 29,000, a wuce zuwa 34,500, sannan a kai 38,700. Dukkan waɗannan lambobi an ciro su ne daga jadawalin albashin ayyukan ƙwararru, ba daga lissafin abin da iyali ke buƙata don ci da sha da haya ba, kuma babu wata alaƙa ta hankali tsakanin abin da kamfani zai biya injiniyan da ya ɗauko daga waje da abin da ya kamata ɗan ƙasa ya mallaka kafin ya zauna da matarsa. Abin da ya kumbura alƙaluman 2022 shi ne ɗalibai da ma'aikatan jinya da kula da tsofaffi da iyalansu, da waɗanda suka zo daga Yukiren da Hong Kong ta hanyoyi na musamman, alhali bizar ma'aurata ba ta wuce 'yan dubun-dubata a shekara. An taɓa ta ne saboda tana da sauƙin taɓawa, kuma waɗanda take shafa ba su da wata ƙungiyar masu kamfanoni ko jami'o'i da za ta yi musu magana a gaban gwamnati.

Babban aibin tsarin ya fi ƙarfin girman adadin, yana cikin yadda ake ƙirga shi. Idan baƙon yana waje, albashin mai ɗaukar nauyi kaɗai ake dubawa. Ba a lissafa abin da mai shigowa zai samu idan ya iso, ko da likita ne ko akanta, ko da wani ya riga ya yi masa alƙawarin aiki. Wannan ya sa ma'aunin ke auna gida mai mutum biyu da aljihun mutum ɗaya, a daidai lokacin da mutumin ke riƙe gida biyu a ƙasa biyu. Mai aiki cikakken lokaci a kan mafi ƙarancin albashi na Afrilun 2024, wato fam 11.44 a awa, idan yana yin awa 37 da rabi a mako, abin da zai tara a shekara bai kai fam 22,500 ba, ke nan yana da giɓin fiye da fam 6,000 duk da cewa bai taɓa fashin aiki ba. Da za a bar matarsa ta shigo ta kama aiki irin nasa, da kuɗin shigar gidan ya zarce ƙa'idar nesa ba kusa ba, kuma da dukkansu biyu suna biyan haraji. Wanda ya ga ba zai iya da albashi ba yana iya nuna ajiya, amma idan da ajiya kaɗai zai dogara sai ta kai fam 88,500, kuma ta yi wata shida a asusunsa.

Takardun ma wani shinge ne. Mai neman biza ta hanyar da aka fi bi zai gabatar da takardun albashi na wata shida a jere daga wurin aiki ɗaya, da bayanan asusun banki da ke nuna shigar kowane albashi daidai da abin da ke takarda, da wasiƙar mai aiki da ta tabbatar da matsayinsa da kuɗinsa, kuma na ƙarshe a cikin takardun kada ya wuce kwana 28 da fitowa a ranar miƙa buƙata. Mai albashi tsayayye a ofis ba ya jin nauyin wannan, amma direban haya da mai aikin awa-awa da mai ƙaramar sana'a, waɗanda samunsu ke hawa da sauka, su ne ke faɗawa cikin ƙa'idoji masu sarƙaƙiya inda wata ɗaya na rashin lafiya ke iya mayar da ƙirga farko.

Saboda haka nauyin bai faɗo kan kowa daidai ba. Mata sun fi maza yawa a aikin rabin lokaci, musamman masu ƙananan yara, kuma uwar da mijinta ke waje ita ce mafi ƙarancin damar ƙara awoyin aiki tun da babu mai riƙe mata yaro. Rabuwar da ƙa'idar ta haifar ita ce kuma ke hana ta cika ƙa'idar. Matasa, waɗanda su ne a shekarun aure, ba su kai ga albashin manya ba. Adadin ɗaya ne a duk faɗin ƙasar, alhali albashin Landan ya fi na Wales da arewa maso gabashin Ingila, inda kuma rayuwa ta fi araha. Haka nan 'yan Birtaniya da suka yi aure a waje suna son komawa gida, galibi sai ɗaya ya riga ya koma ya yi aiki na watanni kafin ya iya neman biza ga ɗayan. Tun bayan ficewar ƙasar daga Tarayyar Turai, wanda ya auri Bafaranshiya ko Bajamushe ma ya shiga wannan layi, abin da ya faɗaɗa yawan waɗanda ƙa'idar ke shafa ƙwarai.

Yara ne suka fi ɗanɗana kuɗar lamarin. Rahoton da ofishin Kwamishinar Yara ta Ingila ya fitar a 2015 ya ƙiyasta cewa aƙalla yara 15,000 ne ƙa'idar ta shafa a shekara uku na farko, mafi yawansu 'yan ƙasa, waɗanda ke ganin uwa ko uba ta allon waya kawai. A watan Fabrairun 2017 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa kafa mafi ƙarancin kuɗin shiga bai saɓa doka ba a asalinsa, amma ta ce ƙa'idojin sun gaza ba maslahar yara matsayin da doka ta tanada, kuma ya kamata a duba wasu hanyoyin samun kuɗi kamar tallafin dangi a inda yanayi ya tsananta. Gyaran da ya biyo baya ya buɗe ƙofa ga wasu iyalai, sai dai wanda ya shiga ta wannan ƙofa ana ɗora shi ne a kan tafarkin shekara goma kafin izinin dindindin, yana sabunta takarda duk bayan wata talatin yana biya.

Kuɗin biyan kuwa ba ƙarami ba ne ko ga wanda ya cika ƙa'ida. A farashin Afrilun 2025, neman bizar farko daga waje fam 1,938 ne, sabuntawa 1,321, izinin dindindin 3,029, ga harajin lafiya na fam 1,035 a kowace shekara da ake biya gaba ɗaya tun kafin a duba takarda, jimilla kusan fam 12,000 a shekara biyar, ban da kuɗin jarrabawar Turanci a matakai uku da na lauya, da gwajin tarin fuka ga masu zuwa daga ƙasashe irin su Najeriya da Ghana. A duk tsawon waɗannan shekaru an haramta wa baƙon karɓar mafi yawan tallafin gwamnati. Wannan haramci shi ne ya fi raunana hujjar kare baitulmali, domin mutumin da doka ta riga ta rufe masa ƙofar tallafi, wanda kuma ya biya kuɗin asibitinsa tun kafin ya sauka, da wuya a ce shi ne barazanar da ake gudu.

Masu goyon bayan ƙarin suna da abin faɗa, kuma ba duka ne maras tushe ba. Adadin 2012 ya tsaya cik yayin da farashin kaya da albashi ke tashi, har ya zama a 2023 mafi ƙarancin albashi na cikakken lokaci ya wuce shi, don haka ƙa'idar ta rasa yawancin ƙarfinta. Gaskiya ne kuma cewa bayan shekara biyar baƙon na samun cikakken haƙƙin tallafi, kuma ba kowane mai shigowa ta hanyar aure ke kama aiki da wuri ba, musamman wanda Turancinsa bai nuna ba. Amma wannan hujja ce ta daidaita adadi da tsadar rayuwa da kuma zuba kuɗi a koyar da harshe, ba ta kai ga ɗaure aure da albashin ƙwararru ba. Wasu ƙasashen da ke karɓar baƙi da yawa ba su bi wannan hanya ba: Kanada a mafi yawan lokuta ba ta gindaya mafi ƙarancin albashi ga mai ɗauko miji ko mata, sai dai ya sa hannu cewa zai ɗauki nauyi na shekara uku, ya kuma biya gwamnati duk tallafin da aka karɓa a cikinsu, Amurka kuwa na neman kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci na tarayya, tana kuma barin wani ya tsaya a matsayin mai lamuni idan samun mai aure bai kai ba. Duka biyun sun kare baitulmalinsu ta hanyar ɗora alhaki a kan mai ɗaukar nauyi ba tare da hana shi iyalinsa ba.

Gwamnatin Labour da ta hau mulki a Yulin 2024 ta dakatar da sauran matakan ƙarin, ta bar adadin a 29,000, ta kuma miƙa batun ga kwamitin masana mai ba gwamnati shawara kan ƙaura. Rahoton kwamitin na watan Yunin 2025 ya ba da shawarar kada a ɗaure ƙa'idar iyali da ta ƙwararrun ma'aikata, ya nuna cewa ma'aunai da dama masu ma'ana suna faɗawa tsakanin fam 23,000 da 25,000, wato kusa da samun mai aiki cikakken lokaci a kan mafi ƙarancin albashi, ya kuma ƙiyasta cewa saukar da adadin zuwa wannan mataki ba zai ƙara rarar ƙaura da fiye da 'yan dubbai a shekara ba. Sai dai ko an sauke shi zuwa 24,000, uwa mai aikin rabin lokaci da mijinta ke waje za ta ci gaba da zama a ƙasa da layin, har sai an yarda a lissafa tabbataccen tayin aikin da mijin ke da shi a Birtaniya tun a buƙatar farko, kamar yadda ake lissafa albashinsa a lokacin sabuntawa bayan ya shigo.