Misin Ɗin Inji da Hanyar Gano Illarsa

Daga cikin cututtukan da ke addabar injin mota, da wuya a sami wadda take cin dukiyar mai mota a banza kamar wadda makanikai ke kira misin, wato inji ya riƙa karkarwa alhali mota tana tsaye, ya riƙa yanke ƙarfi idan an taka totur, salansa tana tari, tanki kuwa yana ƙarewa ba tare da an yi wata tafiya ta a zo a gani ba. Dalilin asarar shi ne, misin alama ce kurum ta wata illa da ke ɓoye, amma galibin mutane sukan ɗauke shi a matsayin ita kanta cutar, sai su shiga sayen kaya ɗaya bayan ɗaya bisa zato, yau fulogi, gobe koyil, jibi famfon mai, har aljihu ya bushe ciwo yana nan daram.

Tun shekarar 1876 da Bajamushen nan Nikolas Oto ya kammala injinsa mai bugu huɗu, a kan wannan tsari injin fetur yake tafiya: fistan ya sauka ya zuƙo iska da mai, ya hau ya matse su, wuta ta tashi ta tunkuɗa shi ƙasa, sa'an nan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Wannan ƙonewa ba ta inganta sai da sharuɗɗa uku, tartsatsin fulogi a kan lokacinsa, da gaurayen iska da mai bisa mizani, wanda yake kimanin kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur idan da nauyi aka auna, da kuma matsi isasshe a cikin silinda; duk silindar da ta rasa ɗaya daga cikinsu, to, ta zama kaya a wuyan 'yan'uwanta.

Farkon abin da ya wajaba shi ne a san wace silinda ce. A zamanin Fijo 504 da ake harhaɗawa a Kaduna, bakanike yakan bar inji yana aiki, ya riƙa zare wayar fulogi ɗaya-ɗaya yana kasa kunne, wadda ya zare sautin inji bai sauya ba, silindarta ce matacciya tun asali. Motocin yanzu kuwa, musamman waɗanda aka sayar a Amurka daga 1996 zuwa yau, suna da kafar da ake jona na'urar bincike, ta nuna P0301 idan silinda ta 1 ce, P0302 idan ta 2 ce, ko P0300 idan abin yana yawo bai tsaya wuri guda ba. Sai dai a nan ne da yawa suke tuntuɓe, domin lambar nan shaida ce da ta faɗi inda abu ya auku, ba alƙali ba ce da zai yanke hukuncin wanda ya yi laifi, kuma na sha ganin mai na'ura ya karanta lamba ya rubuta jerin kayan da za a sayo bai ko buɗe bonet ba.

Da wuta ake farawa, saboda ita ce mafi yawan aukuwa kuma mafi sauƙin tahƙiƙi. A kwance fulogin a dube shi a haske: idan bakinsa ruwan toka ne ko ruwan ƙasa, lafiyarsa lau, idan baƙin kunkunniya ne busasshe, mai ya rinjayi iska, idan ya jiƙe da baƙin mai, matsalar tana can cikin inji, kuma sabon fulogi ba zai yi kwana nawa ba shi ma zai bi sahun na farko. Koyil kuwa hujjarsa ba ta bukatar ko kwabo: a ɗauke na silindar da ake tuhuma a musanya shi da na maƙwabciyarta, in misin ya bi shi ya koma can, an sami yaƙini, in kuwa ya tsaya inda yake, koyil ya kuɓuta. Haka nan a leƙa ramin fulogi, don ruwan wankin inji ko baƙin mai da ya tsiyayo daga murfin kan inji sukan kwanta a ciki su sace wutar. Misin da ba ya bayyana sai a hawan tudu ko da lodi, mafi rinjayen zato na wuta ne.

Idan wuta ta barranta, sai a koma ga mai da iska. Nozul yakan toshe da dattin fetur, balle wanda aka saya a galan wurin 'yan bumburutu, matatar iska takan cika da ƙurar hunturu, tiyon roba yakan tsage saboda zafi ya shigar da iskar da ba a lissafa da ita ba, wanda alamarsa ita ce inji ya yi ta karkarwa a tsaye, ya lafa idan an ɗauki gudu.

Jinkiri a wannan mas'ala yana da tsada, domin fetur ɗin da bai ƙone ba yakan wanke baƙin mai daga bangon silinda, saura kuma ya gangara ya ƙone a cikin tukunyar tace hayaƙi ta salansa har ya narkar da ita, shi ya sa idan fitilar inji ta koma ƙyaftawa maimakon tsayawa cak, abin da ya kamaci direba shi ne ya rage gudu ya nemi wurin tsayawa. Abu na ƙarshe da ake aunawa shi ne matsi, a ɗaura ma'auni a ramin fulogi a murza inji, a gwama silinda da silinda. Wadda ta gaza sauran sosai sai a ɗiga mata baƙin mai kaɗan a sake aunawa, in allura ta ɗaga, zoben fistan ne ya cinye, in ba ta motsa ba, sai a tuhumi bawul ko gasket, kuma daga nan ne kaɗai ya halatta a yi maganar kwance kan inji.