Kahin ka ɗora buhunka, karanta allon mota

Manomi, idan kaka ta yi, kai da ƴan koperatib kuna kiran kamyo don kai gero, wake ko albasa kasuwa. To, kowace mota tana da iyakar nauyin da take ɗauka, kuma an rubuta shi. Tunda ka iya karatu, kar ka tsaya ga abin da shofer ya gaya maka.

Duba jikin motar. Akwai ɗan allo na ƙarhe da masu ƙera ta suka manna, sau da yawa kusa da ƙohwa. Lambobin suna cikin takardar mota, wadda ake ce wa kart giriz. PV shi ne nauyin motar ba kaya. PTAC shi ne nauyin motar da kayanta duka, wanda ba a yarda a wuce ba. Ka cire na hwarko daga na biyu. Misali: PTAC tan 18, PV tan 8, saura tan 10. Tan guda kilo 1000 ne, wato tan 10 buhu 100 ke nan masu kilo 100. Amma buhun albasa da aka cika har ya yi hula yakan hi haka, sai ka auna guda kahin ka yi lissahi. Mutanen da ke hawa bisa kaya, su ma nauyi ne.

Tun 2005 ƙasashen UEMOA, har da Nijar, suka kahwa doka: mota mai aksi 2 ba ta wuce tan 18, mai aksi 3 tan 26. Ana auna motoci bisa babban sikeli na bakin hanya. Idan kaya sun yi yawa, akwai tara, kuma ana iya sa a sauke rarar. Albasa ba ta jiran shari'a, cikin rana ruɓewa take yi.

Kaya hiye da ƙima suna hana birki kamawa da wuri, suna sa taya ta yi zahi ta hwashe. Hanya ma tana shan wuya: in nauyin aksi ya ninka biyu, ɓarnar da yake yi wa kwalta ta kai kusan ninki 16.

Ka nemi ganin takardar bizit da ta asiransi, ka duba ko ranarsu ba ta wuce ba. Buhun da ya rage, bar shi ga tahiya ta biyu.