Wikki Ta Bauci: A Sayo Manyan 'Yan Wasa Ko A Riƙe Na Hannu?

DUK lokacin da aka kammala wasannin ƙwallon ƙafa na shekara, aka buɗe kasuwar 'yan wasa, akwai wata gardama da takan tashi a birnin Bauci, tun daga teburan masu shayi na Wunti har bakin ƙofar filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Gardamar kuwa ita ce, ko ya kamata ƙungiyar Wikki Tourists ta kwance bakin jaka ta ɗauko manyan 'yan wasan da suka yi suna a wasu wurare, waɗanda wa'adin kwantiraginsu ya ƙare, ko kuwa ta haƙura da abin da ke hannunta. Masu cewa a sayo sun fi yawa, muryarsu kuma ta fi tashi. Hujjarsu ita ce, ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare ba igiyar kowa a wuyansa, ba sai an biya tsohuwar ƙungiyarsa ko kwabo ba, watau dai tsintuwa ce a bakin hanya.

Wannan magana ta wuce hirar teburin shayi. Wikki ƙungiyar Gwamnatin Jihar Bauci ce, kuma daga baitulmalin da ake biyan malaman makaranta da ma'aikatan asibiti ake ciyar da ita. Bugu da ƙari, mutanen Bauci sun riga sun ɗanɗana ɗacin faɗuwa, domin a kakar 2023 da ba sa son tunawa, ƙungiyar ta sulluɓo daga babban rukuni, ba ta sake hawa ba sai a 2025. Saboda haka kuskure a kasuwar 'yan wasa asarar dukiyar jama'a ce, kana yana iya jawo asarar shekaru.

KYAUTAR DA BA KYAUTA BA

Da farko ya kamata mai karatu ya san inda wannan al'ada ta samo asali. A da, ko da wa'adin ɗan wasa ya ƙare, ƙungiyarsa tana iya tsare shi har sai an biya ta. A 1990 wani ɗan ƙasar Beljiyam mai suna Jean-Marc Bosman ya nemi barin ƙungiyarsa ta birnin Liege zuwa Dunkerque ta Faransa, aka hana shi ta hanyar tsuga kuɗi, shi kuwa ya garzaya kotu. A watan Disamba na 1995 Kotun Turai ta ba shi gaskiya. Tun daga nan aka buɗe ƙofa, har ya zama abin da aka saba a duniya cewa wanda wa'adinsa ya cika yana da ikon ɗaukar takalmansa ya tafi inda ya ga dama.

To, amma kuɗin da ba a ba tsohuwar ƙungiya ba, ba komawa yake yi aljihun mai saye ba. Ɗan wasan ya san ba a kashe komai a kansa ba, saboda haka shi da kansa zai nemi kafin alƙalami mai kauri, dillalinsa zai nemi la'ada, sa'an nan ga albashin da ya ɗara na kowa, ga masauki. Hukumar LMC, wadda ta gudanar da gasar ƙasar nan daga kakar 2013 zuwa 2022, ta soke tsarin kafin alƙalami, ta ce a koma ga albashin wata-wata, har ta yanka N150,000 a matsayin mafi ƙanƙanta. Amma duk wanda ya san kasuwa ya san cewa mai kaya mai kyau ba ya rasa hanyar da zai karɓi farashinsa, ko da an canja wa kuɗin suna.

Akwai kuma asarar da ba a gani sai daga baya. Galibin waɗannan manyan 'yan wasa sun kusa shekara 30 ko sun haura, kuma shekara ɗaya ko biyu suke yarda su sa hannu. Ranar da wa'adin ya cika, yadda suka zo a sake haka za su tafi a sake, ƙungiya ba ta da abin da za ta sayar. Har ila yau, a gasar da jinkirin albashi ya zama ruwan dare, ranar da yaron da ya shekara uku yana zubar da gumi ya ji cewa baƙon da ya sauka jiya yana karɓar ninkin nasa uku, to, an shuka abin da mai horarwa zai yi wata da watanni yana fama da shi.

ABIN DA YA FARU BAYAN 2016

A ganina tarihin Wikki da kansa ya isa ya raba wannan gardama. An kafa ƙungiyar a 1991, aka raɗa mata sunan maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Wikki da ke gandun dajin Yankari. A 1998 ta ɗauki Kofin Ƙalubale bayan ta doke maƙwabciyarta Plateau United da bugun fenariti. Amma shekarar da ta fi koyar da darasi ita ce 2016. A wannan kaka, ƙarƙashin mai horarwa Abdu Maikaba, Wikki ta ƙare a matsayi na uku, bayan Rangers ta Inugu da Rivers United, ta kuma sami tikitin shiga gasar Kofin Confederation na Afirka. Ɗan wasanta Godwin Obaje shi ne ya fi kowa cin ƙwallo a ƙasar nan, da ƙwallaye 18.

Kafin a buɗe kaka ta gaba, Maikaba ya koma Akwa United, inda ya ɗauki kofin ƙasa a 2017. Obaje kuma ya koma FC Ifeanyi Ubah ta Nnewi. Da Wikki ta fita wasan Afirka a farkon 2017, tun a zagayen share fage ƙungiyar sojojin Saliyo, RSLAF, ta fitar da ita. Jama'a, a duba wannan da kyau. Abin da ya karya Wikki a lokacin, ƙofar fita ce da aka bari a buɗe, har wasu suka zo suka kwashi abin da aka gina. Watau a kasuwar nan da ake kiran Wikki ta shiga da ƙarfi, ita ce ta saba zama wadda ake yi wa ɗauki ɗai-ɗai. Kuɗin da za a kashe wajen jawo tauraron wata ƙungiya, da an kashe rabinsa wajen ɗaure na gida da kwantiragin shekara uku, da ko dai ya zauna, ko kuwa mai son sa ya biya Bauci kafin ya tafi da shi.

Kada a ɗauka cewa kuɗi ba sa cin kofi. Suna ci. A shekarun 1980 Leventis United ta Ibadan da Abiola Babes ta Abekuta sun tara zaratan 'yan wasa, suka riƙa karɓe-karɓen Kofin Ƙalubale tsakaninsu daga 1984 zuwa 1987, Leventis kuma ta haɗa da kofin lig a 1986. Amma da masu su suka janye hannu, kafin 1990 babu ko ɗaya a babban rukuni. Ita ma Ifeanyi Ubah da ta ɗauke Obaje, wadda ta ci kofin ƙasa a 2016, ta faɗi a 2021. Ƙungiyar da aka gina da saye tana rayuwa ne muddin jakar tana buɗe, jakar ƙungiyar gwamnati kuwa kasafin shekara ne ke buɗe ta, shi ne kuma ke rufe ta.

IN ZA A SAYA, A WANE LAYI?

Abin da ba a cika tattaunawa ba a wannan gardama shi ne wurin da za a sa kuɗin. In ka saurari masu cewa a sayo, za ka tarar kusan dukkansu ɗan gaba suke nufi, mai cin ƙwallo, wanda za a riƙa kiran sunansa a rediyo. Ba safai ake jin wanda ya ce a nemo lamba biyar ko lamba shida ba.

A nan akwai abin dubawa a wani wasa da Amurkawa ke yi, wanda su ma suke kira ƙwallon ƙafa, ko da yake da hannu aka fi yin sa. A cikinsa akwai ƙarti biyar da ke jeruwa a gaba, kowanne yakan haura kilo 130. Huɗu daga cikinsu kusan ba sa taɓa ƙwallon. Aikinsu kawai su tare abokan hamayya, su kare mai jefawa, su buɗe wa mai gudu hanya. Tun da aka ba 'yan wasan can 'yancin sauya ƙungiya a 1993, aka kuma ƙayyade abin da kowace ƙungiya za ta kashe a albashi a 1994, kowace shekara sai an yi muhawara a kan ko ya dace a zuba miliyoyi a sayo irin waɗannan mutane. Abin da masana wasan suke yawan nanatawa shi ne, layin nan ba ƙarfin mutum ɗaya ke riƙe shi ba, sabo ne da fahimtar juna, kowa ya san inda na kusa da shi zai taka tun bai taka ba.

Haka abin yake ga mai tsaron gida da 'yan baya huɗu da ɗan tsakiyar da ke tsaye gabansu a namu wasan. Tarkon satar gida ba ya kamawa sai mutum huɗu sun taso kamar mutum ɗaya; in ɗaya ya yi nawa da taki guda, an ci gida. Wanda zai bi wa a bugun kwana, da lokacin da gola zai fito da lokacin da zai bar wa na gabansa, duk abubuwa ne da ake koyo da wasa bayan wasa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, bangon da aka haɗa da sababbin tubala huɗu makonni biyu kafin a fara gasa kuwa, da tsagarsa yake zuwa. A gasa mai ƙungiyoyi 20 da wasanni 38, wadda cin wasa a waje yake da wuya ƙwarai, ƙungiyar da ta yi tafiyar yini da kwana daga Bauci zuwa Aba ko Fatakwal ta dawo da maki ɗaya, bayanta ne ya samo mata shi.

Manyan Turai ma sun yi wannan kuskure. A 2003 Real Madrid ta sayo David Beckham, ta sayar da Claude Makelele, mutumin da ke share wa taurarinta hanya a tsakiya. Ba ta sake ɗaukar kofin Sifen ba sai 2007, alhali Chelsea da ta karɓe shi ta ci kofin Ingila a 2005, ƙwallo 15 kacal aka zura mata a kakar. A 2021 kuma Paris Saint-Germain ta kwaso Messi da Sergio Ramos da Donnarumma da Wijnaldum, duk bayan wa'adinsu ya ƙare a wasu wurare, amma a zagaye na 16 aka fitar da ita daga gasar zakarun Turai. Ba ta ɗauki kofin ba sai 2025, bayan Messi da Neymar da Mbappe duk sun tafi.

Duk da haka, ba zan ce a rufe ƙofar saye ruf ba, domin akwai sayen da yake da albarka. Thiago Silva ya je Chelsea a 2020 yana da shekara 35, ba a biya tsohuwar ƙungiyarsa komai ba, kuma kafin shekara ta zagayo sun ɗauki kofin Turai. Amma a lura, ɗan baya ne, ya zama mai tsawata wa matasa. Irin wannan saye Wikki za ta iya, kuma ya kamata ta yi: dattijon ɗan baya guda, ko gola wanda ya san filayen kudu, wanda aka binciki gwiwarsa da shekarunsa da halinsa kafin a sa hannu. Kano Pillars ma da ta karɓi Ahmed Musa a 2021, ɗanta ne ya dawo gida, wanda ya ci mata ƙwallo 18 a kakar 2010 tun yana yaro, ba baƙon da aka yi gwanjonsa ba ne.

SAURAN BUKATUN

Kuɗin ƙungiya kuma suna da masu jiran su ban da 'yan wasa. Ba a manta da watan Fabrairu na 2021 ba, lokacin da motar Wikki ta kama da wuta a Hawan Kibo a kan hanyar zuwa Uyo. Allah ya tsare ba a rasa rai ba, amma kaya sun ƙone. Lafiyayyar mota, da likita, da abinci, da alawus da ake biya a kan kari, su ne ke sa ɗan wasa ya ƙi sauraron dillali in ya zo masa da daddare.

Sa'an nan ga batun reno. Remo Stars ta Ikenne, wadda ta ɗauki kofin lig a 2025, tana da makarantar horar da yara tata ta kanta, mai suna Beyond Limits. Dokar FIFA kuma ta tanadi cewa in an sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi tsakanin shekara 12 da 23. Jihar da ke da ƙananan hukumomi 20, wadda filin wasanta ya karɓi baƙuncin gasar matasa ta duniya a 1999 da ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009, ba ta rasa yara masu ƙafa a Jahun da Yalwa da Azare da Misau da Ningi ba. Wanda aka rena, in ya tashi, yakan bar wa gida wani abu. Wanda aka sayo yana da shekara 31 ba ya barin komai sai rigarsa.

Saboda haka, in shugabannin ƙungiyar suka tara manema labarai don nuna sababbin 'yan wasa, kafin a tambaye su mutum nawa suka kawo, ya kamata a fara tambayarsu mutum nawa ne daga cikin sha ɗayan da suka buga wasan ƙarshe na kakar da ta wuce suke nan, shekara nawa ta rage a kwantiragin kowannensu, kuma wane wata aka biya su na ƙarshe.