Fambel Yana Kuka, Taimin Bel Ba Ya Sallama

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, naira kuma ta zube bayan an sake ta a kasuwar canji a watan da ya biyo baya, sayen mota ya gagari ma'aikaci da ƙaramin ɗan kasuwa. Wanda a da yake sauya mota lokaci zuwa lokaci ya koma lallaɓa wadda ke hannunsa, shi ya sa titunan Kano da Kaduna da Sakkwato suke cike da Honda Accord da Toyota Camry da Golf da Fijo 406 waɗanda suka haura shekara ashirin a duniya. Kuɗin aikin gareji ma ya tashi, don haka ba abin mamaki ba ne a ga magidanci ranar Asabar ya ɗaga bonet a ƙofar gida, sifana a hannu, waya a jingine tana nuna masa bidiyon yadda ake kwance wani abu. A ganina wannan ɗabi'a ce da ta cancanci a ƙarfafa ta, musamman a kan bel-bel ɗin inji, amma da sharaɗi guda: mai mota ya san robobin nan ba jinsi ɗaya ba ne. Akwai wanda ke kuka kafin ya mutu, akwai wanda ke tsinkewa babu sallama, kuma injina da dama sun tafi ne saboda an yi wa na biyun hukuncin na farko.

Na farkon shi ne fambel, wanda yake a fili da zarar an buɗe bonet. Asalinsa bel ne mai siffar V da John Gates ya ƙirƙiro a 1917 a birnin Denver na Amurka, daga baya kuma, tun daga Ford Mustang ta 1979, aka fara amfani da dogon bel guda mai layi-layi da ke zagaye fuli da yawa a lokaci ɗaya. Aikinsa shi ne ya ɗauko ƙarfi daga karanshaf ya juya altaneta mai cajin batir, da famfon da ke sauƙaƙa sitiyari, da kwamfresar sanyi, a wasu motocin har da famfon ruwa. Fambel ba ya ɓoye ciwonsa. Idan ya saki, za ka ji ƙararsa da sassafe ko lokacin da aka murɗa sitiyari har ƙarshe. Idan ya tsinke, wutar batir ta kama, sitiyari ya yi nauyi, a motar da yake juya famfon ruwa kuma allurar zafi ta fara hawa. Canza shi bai fi ƙarfin mai haƙuri ba: a kashe mota, a cire kan batir, a ɗauki hoton hanyar da bel ɗin ya bi, a sassauta notin altaneta ko a ture tenshina, a zare tsohon, a nemo sabo da lambar da ke rubuce a bayansa. Inda ake ɗaurewa da hannu, idan ka danna shi da babban yatsa a tsakiyar inda ya fi tsawo, ya kamata ya lotsa kamar santimita ɗaya. Masu ɗaure shi tamau don kada ya sake yin ƙara, boris ɗin altaneta da na famfon ruwa suke ci ba su sani ba. Wani abin lura kuma, bel-bel na yanzu da ake yi da robar EPDM ba sa tsattsagewa kamar na da, sai dai layukansu su cinye a hankali, don haka rashin ganin tsaga ba shaidar lafiya ba ce.

Taimin bel wani sha'ani ne daban. Yana ɓoye a bayan murfi, yana da haƙora, shi ke haɗa karanshaf da kamshaf ta yadda duk juyi biyu na karanshaf, kamshaf zai yi ɗaya, bawul-bawul su buɗe su rufe daidai lokacin da fistin ke hawa da sauka. Motar Glas 1004 ta Jamus ce ta fara fitowa da shi kasuwa a farkon shekarun 1960, kamfanoni kuma suka rungume shi saboda ya fi sarƙa araha da rashin nauyi da rashin ƙara. Matsalar ita ce a injina da yawa bawul da fistin wuri ɗaya suke shiga, sai dai kowa da lokacinsa. Da zarar bel ɗin ya tsinke ko ya tsallake haƙora, kamshaf ya tsaya ko ya saɓa lokaci, wasu bawul suna buɗe, fistin ya taso ya doke su. Cikin ƙiftawar ido an lanƙwasa bawul, a wani lokaci har tof silinda ta taɓu. Injin Honda Accord mai silinda huɗu na 1990 zuwa 2002 irin wannan ne, haka na Fijo 406. Injin Camry mai lita 2.2 na 1992 zuwa 2001 kuwa an bar tazara a cikinsa, idan bel ya tsinke mota ce kawai za ta mutu, ko da yake wanda motarsa ta mutu da dare a tsakiyar daji ba zai kira wannan sauƙi ba. Daga 2002 Camry mai silinda huɗu ta koma sarƙa, Accord mai silinda huɗu ta bi sahu a 2003, amma Accord mai silinda shida ta ci gaba da bel. Ke nan tambayar farko ga mai tsohuwar mota ita ce wane inji ne a cikinta, tun da wasunsu ma an taɓa sauya musu inji.

Me ya sa muke sakaci da wannan bel? Ina ganin Fijo 504 tana da hannu a ciki. Kamfanin PAN ya fara harhaɗa motocin Fijo a Kaduna a 1975, 504 kuma ta yi kusan shekara talatin tana fitowa daga can, a kanta dubban direbobi da kanikawan Arewa suka koyi sana'a. Injin fetur na 504 sarƙa yake amfani da ita, sarƙa kuwa tana cikin baƙin mai, tana daɗewa, in ta tsufa kuma sai ta yi ta ƙara tana ba da sanarwa. Darasin da aka ɗauka daga wannan mota shi ne kunne ya isa: a yi ta tuƙi har sai wani abu ya yi kuka, sannan a kai wa bakanike. Darasi ne mai kyau a zamaninsa. Da motocin Kwatano suka cika ƙasa da injinan bel, sai aka ci gaba da sauraro, alhali abin da ake jira ya yi magana ba ya magana.

Taimin bel da lissafi ake canza shi, lissafin tafiya da na shekaru. Littafin Honda na Accord ɗin ƙarshen shekarun 1990 ya ce mil 105,000 ko shekara bakwai, duk wanda ya riga zuwa, sannan ya rage shi zuwa mil 60,000 ga motar da ake yawan tuƙawa a zafin da ya haura digiri 43. Wannan sharaɗi kamar don mu aka rubuta shi, domin a watan Afrilu Sakkwato da Maiduguri da Nguru sukan kai hakan. Zafi yana busar da roba ko ana tafiya ko mota na ajiye, baƙin man da ke yoyo daga oyil sil kuma yana jiƙa ta ya ruɓar da ita. To wa ke riƙe da wannan lissafi? Motar ta shigo ba ta da takardar tarihin gyara, ta wuce hannu uku ko huɗu, agogon tafiyarta ya tsaya ko an taɓa shi. Bakanike bai san ranar da aka canza bel ɗin ba, kuma ba laifinsa ba ne, motoci da yawa ke bi ta hannunsa. Mai mota kaɗai ke iya sani. A nan ne nake ganin babban amfanin mai gyaran gida: wanda ya saba buɗe bonet da kansa shi ne zai rubuta kwanan wata da adadin tafiya a littafi ko a jikin murfin bel, kuma shi ne zai yarda cewa bel ɗin da ba a san shekarunsa ba, a ɗauka kawai lokacinsa ya yi.

Za a ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, wanda ya kalli bidiyo biyu ya taɓa taimin zai kashe injinsa da hannunsa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma bai kamata a raina ta ba. Haƙori ɗaya aka kuskure, mota za ta rasa ƙarfi ta yi ta shan mai. Aka kuskure da yawa, an jawo abin da ake gudu. Injinan Honda na wancan zamani hagu suke juyawa, saɓanin yawancin motoci, Accord ɗin tana da ƙaramin bel na biyu mai juya sandunan rage girgiza wanda shi ma yake da nasa maki, notin fulin karanshaf kuma ana ɗaure shi da ƙarfin da ya kai Nm 245, abin da ƙaramin sifana ba zai kwance ba. Sai dai duk waɗannan abubuwa ne da ake koya, kuma aikin yana da hanyar gwada kansa: a daidaita maki kafin a zare tsohon bel, bayan an saka sabo a juya inji da hannu sau biyu cikakku, a sake duba maki kafin a taɓa makulli. Idan wani abu ya tokare, a tsaya. Wanda ba shi da kayan aiki ko natsuwar yin haka, ya tsaya a fambel ya kai taimin gareji, babu abin kunya. Amma ya je da saninsa, ya tsaya a kan aikin, ya ga an juya injin da hannu kafin a tayar.

Wasu kuma za su ce a wannan tsadar rayuwa, cire bel ɗin da ke aiki almubazzaranci ne, balle a ce a haɗa da famfon ruwa da tenshina da oyil sil. Lissafin ba mai wuya ba ne. A Accord da Camry ɗin da aka ambata, taimin bel ne ke juya famfon ruwa, duk a bayan murfi ɗaya suke. Idan famfon ko boris ɗin tenshina ya cije, sabon bel ɗin ma zai tsinke, a sake biyan kuɗin kwancewa. Kuɗin waɗannan kaya gaba ɗaya bai kama ƙafar kuɗin sauke tof silinda ko sayen injin beljiyam ba. Inda tsimi ya fi cutarwa shi ne wurin saye. A kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Panteka kayan beljiyam sukan fi sabon jabu inganci, gaskiya ne, amma wannan a ƙarfe ne. Roba da aka ciro daga wani inji ta riga ta ci shekarunta. Sunayen Gates da Mitsuboshi da Bando da Continental ma ana buga su a kwalin jabu, don haka a saya wurin wanda zai karɓi kayansa idan sun ba da matsala, a kuma guji bel ɗin da aka naɗe ko aka karya shi a ajiya, domin zaren da ke cikinsa yana karyewa ba tare da ido ya gani ba.

Saura masu tsoron cewa gyaran gida zai hana kanikawa abinci. Ban ga alamar haka ba. Bakaniken kirki ya fi son mai motar da zai zo da ƙafarsa ya ce taimin ɗinsa ya cika shekara biyar, a kan wanda za a jawo da igiya yana rantsuwa jiya lafiya lau motar take, sannan a kwana ana jayayya kan wanda ya ɓata inji. Abin da gyaran gida zai rage wa gareji shi ne ƙananan ayyuka irin su ɗaure fambel da juyen mai, abin da zai ƙara masa kuwa shi ne aikin taimin da ake kawowa a kan lokaci, da kaya masu kyau, daga mutumin da ya san abin da yake biya.